Buɗaɗɗiyar Wasiƙa Zuwa Ga Ministan Fasaha da Al'adu Kan Kundayen Tsofaffin Majami'un Arewa

Zuwa ga Mai Girma Ministan Fasaha da Al'adu,
Jamhuriyar Kamaru,
Yaunde.

Ranka ya daɗe,

  Daga Kuseri nake rubuto maka, garin da Logon ke haɗuwa da Shari, inda mutum ke tsayawa a bakin gaɓa ya hango Injamena. Na zaɓi in yi magana a bainar jama'a ne domin abin da zan kawo ya daɗe yana yawo a bakin fastoci da dattawan unguwa da malaman tarihi, kowa ya yarda da muhimmancinsa, amma babu ɗaya a cikinsu da ke da ikon zartar da shi. Ikon yana ofishinka. Maganar ita ce, tsofaffin majami'un arewacin ƙasar nan, gine-ginensu da littattafan rajistarsu, yanki ne na tarihin Kamaru, suna kuma lalacewa a hannun mutanen da ba su da halin kare su, alhali dokar da ta ɗora wa gwamnati nauyin kare kayan gado, wato doka mai lamba 2013/003 ta 18 ga Afrilun 2013, ta haura shekara goma da fitowa.

Bari in fara da tarihin, kada a ce ina kuka kan abin da ba shi da tushe. A 1900, shekarar da aka gwabza yaƙin Kuseri ranar 22 ga Afrilu, Rabe ya faɗi, kwamandan Faransawa Lamy shi ma ya mutu, a cikinta ne wasu 'yan asalin Norway mazauna Amurka suka kafa wata 'yar ƙaramar ikilisiya a birnin Milwaukee, wadda aka sani da 'Yan'uwa Lutheran. A 1918 ta turo Berge Revne da matarsa Herborg zuwa Afirka. Sun fara zama a Najeriya, suka isa Lere ta ƙasar Cadi a 1920, suka yi ta zaman jiran izinin Faransawa har 1923. Jinkirin yana da dalili. Turawan mulki sun jingina ikonsu a kan lamidai da sarakunan Musulmi, ba su son abin da zai taɓa wannan ƙawance, shi ya sa aikin mishan ya fi kama ƙasa a cikin Masa da Mundang da Tupuri, a Yagwa da Kaele da kewayensu. A 1923 ɗin ne Adolphus Gunderson ya iso Adamawa ya kafa aikinsa a cikin Gbaya, a 1925 kuma 'yan mishan na Norway suka zauna a Ngaundere. Katolika sun zo daga baya, a 1946, ƙarƙashin Fada Yves Plumey, suka mai da Garwa cibiyarsu, birnin da Paparoma John Paul na Biyu ya ziyarta a Agustan 1985. Ita kuwa ikilisiyar 'Yan'uwa Lutheran ta Kamaru ta tsaya da ƙafafunta a 1964, hedikwatarta tana Garwa, makarantar horar da fastocinta tana Kaele. Ashe ke nan, ranka ya daɗe, muna maganar abin da ya haura shekara 100, wanda ya girmi jamhuriyar kanta da kusan shekara 40.

Ƙorafina na farko yana kan inda wannan tarihi yake ajiye. Uwar ikilisiyar da ke Amurka ta ginu ne a kan aƙidar cewa kowace jama'ar masu ibada ita ke mulkin kanta, ita ke zaɓen dattawanta, ita ke riƙe dukiyarta da littattafanta. Ikilisiyar Kamaru tana da majalisarta ta ƙoli a yau, amma littafin baftisma da na ɗaurin aure da na jana'iza, da bayanan zaman dattawa, a cocin unguwa ko na ƙauye ake rubuta su, a can kuma suke kwana, cikin adaka a ɗakin fasto ko a kan kanta ƙarƙashin rufin kwano. Wannan tsari yana da kyau ga 'yancin masu ibada, amma yana da haɗari ga takarda, domin abin da ya warwatsu a wuri ɗari ba shi da mai gadi ɗaya, idan aka yi wa fasto canjin wurin aiki kuma ba lallai ne wanda ya gaje shi ya san darajar abin da ya tarar ba. Ba mu muka fara fuskantar wannan matsala ba. A arewa maso gabashin Amurka, inda majami'u masu cin gashin kansu suka kafu tun ƙarni na 17, an wayi gari kundayensu suna ruɓewa a ɗakunan ƙasa da bayan kabad. Ɗakin karatu na Congregational da ke Boston, wanda aka kafa a 1853, shi ya tashi ya bi su gari-gari, yana ɗaukar hotonsu shafi-shafi yana sa su a intanet. Da aka karanta sai aka tarar da abin da ya wuce labarin ibada: sunayen bayi da na 'yan asalin ƙasar waɗanda babu su a wata takarda, rigingimun gona, annoba, yawan mace-macen jarirai. Tarihin garuruwan ne baki ɗaya ya fito daga littafin coci. Mu a nan buƙatarmu ta fi tasu, domin ofishinka ya sani har gobe akwai yara masu ɗimbin yawa a Arewa Mai Nisa da ba su da takardar haihuwa, balle kakanninsu. Ga iyalai da yawa na Mayo-Danay da Mayo-Kani, layi ɗaya a littafin baftisma shi ne kaɗai wurin da aka taɓa rubuta sunan kakansu da shekarar haihuwarsa.

Na biyu, abokan gabar takarda a yankinmu suna da yawa, kuma ba su jira. Gara da laima suna aikinsu a hankali, ruwa kuwa dare ɗaya yake yin nasa. A 2012 ambaliya ta mamaye kwarin Binuwai da yankin Maga. A ƙarshen daminar 2022 Logon da Shari suka cika suka shiga unguwannin Kuseri. A 2024 ruwa ya cinye unguwanni a Yagwa har ya karya gada a cikin gari, Yagwa kuwa ita ce mahaifar wannan aiki na mishan a ƙasarmu. Mai gudun ruwa da tsakar dare 'ya'yansa yake ɗauka da buhun dawa, kuma babu mai hankalin da zai zarge shi don bai tuna da tsohon littafi ba. Ga kuma rashin tsaro. Tun daga sace Fada Georges Vandenbeusch a Nguetchewe a Nuwamban 2013, hare-haren Boko Haram sun tarwatsa ƙauyuka a Mayo-Tsanaga da Mayo-Sava da Logon da Shari, jama'a suka watse suka bar coci da masallaci a buɗe. A ƙasar Nijar an ƙone majami'u a Damagaram da Yamai a Janairun 2015 cikin kwana biyu kacal. Gini idan ya ƙone ana tara kuɗi a sake shi, amma littafin da ya ƙone ba a da inda za a je a sayo wani.

Kuseri tana da nata rabo na musamman a wannan batu. Gari ne na mashiga, wanda Jamusawa suka riƙe, Faransawa suka sa masa suna Fort-Foureau, kuma duk lokacin da wuta ta kama a Injamena nan ake tsallakowa. An tsallako a 1979 da 1980 lokacin yaƙin basasa, dubun dubatar mutane, cikinsu har da Kiristocin kudancin Cadi masu yawa. An sake tsallakowa ta gadar Ngeli a Fabrairun 2008. Mutane ba su daina haihuwa da aure da mutuwa don suna gudun hijira, kuma wanda ya kai jaririnsa baftisma ko ya binne mahaifiyarsa a wannan gaɓa, a littafin cocin wannan gaɓa aka rubuta shi. Saboda haka rajistar majami'un Kuseri shaida ce ta ƙasashe biyu, ta kuma nuna yadda Kamaru ta karɓi baƙi a lokacin da ba ta da yalwa. Abin alfahari ne ga ƙasa, ya kamata a ce gwamnati ce ta fi kowa son a adana shi.

Na uku, abin da ya tsira daga ruwa da gara yawancinsa yana ƙetare. Wasiƙun 'yan mishan da rahotanninsu da hotunan da suka ɗauka sun koma inda suka fito, na 'yan Norway suna Stavanger, hedikwatar 'Yan'uwa Lutheran kuma tana Fergus Falls a jihar Minnesota. Taskar takardu ta ƙasa tana Yaunde, reshenta yana Buea, tafiyar fiye da kilomita 1,000 daga nan. Ɗalibin jami'ar Marwa da ke son ya rubuta yadda makarantar boko ko ɗakin shan magani suka fara a garinsu, sai ya nemi biza kafin ya ga hoton kakarsa. Akwai kuma wata asara da ta fi wannan zafi. Tarihin da Bature ya rubuta sunan Bature yake fara kawowa, alhali wanda ya yi tafinta, ya koyar da karatu a gindin bishiya, ya zauna shekara da shekaru ana juya Littafi Mai Tsarki zuwa Masa da Mundang da Fulatanci, ɗan ƙasa ne. An san Baba Simon na Tokombere domin an rubuta labarinsa. Masu bishara da malaman katikis da ungozomomin asibitin mishan, waɗanda suka ɗauki nauyin aikin a kafaɗarsu, sunayensu suna cikin waɗannan littattafai na ƙauye da kuma ƙwaƙwalwar tsofaffin da suka haura 80. Kowace shekara ana binne wasu daga cikinsu ba tare da wani ya zauna da su da na'urar ɗaukar murya ba.

Na san abin da za a ce, ranka ya daɗe, kuma ba zan kauce masa ba. Za a ce tsarin mulki na 18 ga Janairun 1996 ya ayyana cewa ƙasa ba ta bin wani addini, don haka ba ruwan gwamnati da kayan coci. To, daga Faransa muka gaji wannan ra'ayi, Faransar da ta raba gwamnati da coci tun 1905, amma ita ce mamallakiyar babban cocin Notre-Dame, ita ta jagoranci gyaranta bayan gobarar 15 ga Afrilun 2019 har aka sake buɗe ta a Disamban 2024. Rashin bin addini yana nufin kada gwamnati ta fifita wata ibada a kan wata. Bai taɓa nufin ta kau da kai daga tarihin 'yan ƙasarta don kawai a ɗakin ibada aka rubuta shi ba. Gwamnatin da ke da hukumar kula da aikin hajji ta riga ta amsa wannan tambaya da kanta.

Wasu daga cikin 'yan'uwa Musulmi za su ce, me ya sa coci, ga littattafan ajami da na Larabci suna ruɓewa a zaurukan malamai daga Garwa har Gulfe, ga tsofaffin masallatai ana rushe su? Gaskiya suka faɗa, kuma roƙona bai cire su ba. Na'urar da za ta ɗauki hoton littafin baftisma ita ce za ta ɗauki hoton wasiƙar alƙali, ma'aikacin da ya je Yagwa zai iya biyawa ta Logon Birni. Na ware majami'u ne domin su ne ake mantawa idan ana lissafin kayan gadon arewa. Ana ambaton fadar Rey Buba da hasumiyar Gulfe da zanen duwatsun Bidzar, an kuma yi murna a 2025 da UNESCO ta sa Diy-Gid-Biy na tsaunukan Mandara cikin kayan tarihin duniya. Marigayi Eldridge Mohammadou ya ƙarar da rayuwarsa yana tattara tarihin lamidai daga bakin tsofaffi, har shi da Modibbo Bassoro suka fitar da littafin tarihin Garwa a 1980. Wannan gefen ya samu gwarzonsa, ɗaya gefen yana jira. Senegal ƙasar Musulmi ce fiye da tamu nesa ba kusa ba, amma babban cocin Saint-Louis na 1828 yana cikin abin da take nuna wa duniya a matsayin nata, Musuluncin kowa kuma bai ragu ba.

Akwai masu cewa tono wannan tarihi fama tsohon miki ne. Ba na musun cewa akwai ɗaci a ciki. Za a ga 'yan mishan suna rubuta maganganun raini a kan al'adun mutanen da suka zo wa wa'azi. Za a ga rigimar da Halfdan Endresen ya yi a Ngaundere a shekarun 1950 kan bayin da ke gidajen manya. Za a ga koke-koken Kiristocin arewa kan matsin da suka ce sun sha a zamanin Shugaba Ahmadu Ahidjo. Babu ɓangaren da zai fito fes. Amma mutanen Kuseri sun san farashin labarin da ba shi da takarda. Rikicin Kotoko da Larabawan Shuwa a 1992, da na Shuwa da Musgum a Disamban 2021 wanda ya kori dubban mutane zuwa Cadi, ba na addini ba ne, sai dai kowannensu ya sha ruwa daga gardamar wa ya riga wa zuwa, wa ke da ƙasa, wa aka zalunta. Takarda ba ta kashe irin wannan gardama, amma tana rage wa mai ƙarya fili. Idan an rufe kundi don gudun ɓacin rai, labarin ba ya mutuwa, sai ya koma hannun wanda ya fi kowa iya zuga.

Hujjar da ta fi nauyi a wurina ita ce ta sirri da tsaro. A cikin waɗannan littattafai akwai sunayen waɗanda suka sauya addini, da na waɗanda dattawan coci suka hukunta kan laifin da jikokinsu ba su sani ba. A yankin da 'yan bindiga ke yawo, baza irin wannan a intanet ganganci ne. Na yarda da haka ɗari bisa ɗari. Sai dai adanawa daban, bazawa daban. Kowace taskar takardu a duniya tana da wa'adin da take rufe wasu fayiloli kafin a buɗe su ga masu bincike, dokokin taskar takardu na ƙasarmu ma sun san da haka. Ana iya ɗaukar hoto a kulle, asalin littafin ya zauna a hannun masu shi, kada a buɗe komai sai da yardar jama'ar da ta rubuta shi.

Saura batun kuɗi, da cewa aikin coci ne ta kula da kayanta. Shugabannin majami'u suna da nasu laifi, ba zan wanke su ba. Da zarar jama'a ta ƙaru sai a rushe tsohon gini a kafa na siminti, ba a ko ɗauki hotonsa ba, ɗabi'ar da masu gina masallatai ma ba su tsira daga gare ta ba. Amma cocin ƙauyen da ke biyan fastonta da kwanon dawa ba ta da masanin adana takardu, kuma ba ta da bakin da za ta rubuta wa Stavanger a saurare ta kamar yadda za a saurari minista. Kuɗin ma bai kai yadda ake tsoro ba: na'urorin ɗaukar hoto, kabad na ƙarfe, kuɗin mota da alawus. Ɗakin karatu na Birtaniya yana da shirin ceto kundaye masu fuskantar halaka tun 2004, ya kuma riga ya yi aiki a Fumban kan takardun da aka rubuta da rubutun Sarki Njoya, don haka hanyar ba baƙuwa ba ce ga Kamaru. Ma'aikata ma suna nan, ga jami'ar Ngaundere tun 1993, ga ta Marwa tun 2008, ga ta Garwa da aka kafa a 2022, kowacce cike da ɗaliban tarihi masu neman abin da za su yi bincike a kai.

Don haka, ranka ya daɗe, ina roƙonka ka umarci wakilan ma'aikatarka na Marwa da Garwa da Ngaundere su zauna da shugabannin majami'u da sarakuna da malamai, a fitar da jerin tsofaffin wuraren ibada da kundayen da ke cikinsu, a fara da garuruwan bakin ruwa, Kuseri da Yagwa da Garwa, kafin damina ta sake zagayowa. Ina roƙon a ɗauki hoton kowane littafi a inda yake, a bar wa masu shi asalinsa tare da kabad da zai kare shi, a ajiye kwafi a arewa inda ɗan arewa zai iya zuwa da kuɗin mota, a kuma rubuta ƙa'idar sirri da yardar masu littattafan kafin a buɗe shafi ɗaya. Ina roƙon ka rubuta da hannunka zuwa Stavanger da Fergus Falls da kuma hedikwatar limaman Oblat da suka kawo Katolika arewa, ka nemi kwafin wasiƙu da hotunan da suka shafi ƙasarmu. Ina roƙon a tura ɗalibai su naɗi muryar tsofaffin masu bishara da malamai da ungozomomi da harsunansu, wannan kam a bana, domin shi ne ba ya jiran kasafin kuɗin baɗi. Gine-ginen farko da suka rage a tsaye kuma, a duba waɗanda suka cancanta a sa su ƙarƙashin kariyar dokar 2013, yadda ba za a taɓa su ba sai da sanin ma'aikatarka. A ƙarshe ina roƙon ka ba mu amsa a fili kamar yadda aka tambaye ka a fili, ko da amsar ita ce ga abin da zai yiwu yanzu, ga wanda sai gaba.

Allah ya ja zamaninka, ya ba ƙasarmu lafiya da zaman lafiya.

Naka cikin girmamawa,
Wani ɗan ƙasa daga Kuseri.